Daren Eurovision, San Marino ta zo ta ƙarshe

Asabar 17 ga Mayu 2025, ƙarfe ɗayan dare ta wuce amma bacci ya ƙi zuwa, bari in rubuta kafin abin ya huce.

Yau rabin rana muka yi a wajen aiki kuma tun safe ba wata hira sai ta gasar waƙar nan ta Eurovision da ake yi a Basel ta ƙasar Suwizalan. Ni a garin Rimini na Italiya nake kwana amma aikina a cikin San Marino yake, ƙasa ce 'yar mitsitsiya da Italiya ta zagaye ta ko ta ina, murabba'in kilomita 61 kacal, mutanenta duka-duka wajen dubu 34 ne, za ka shiga ka fita ba wanda ya ce maka ina fasfo. Wata dattijuwa da muke aiki tare, 'yar asalin ƙasar ce, ta zo da ƙaramar tuta fari da shuɗi ta maƙala jikin injinta, ta ce min yau sai an kira sunansu a gaban duk Turai. Wallahi yadda ta faɗa sai da na ji abin a raina.

Da dare bayan isha muka kunna talabijin ni da Kawu da muke haya tare, shi dama waƙe-waƙen nan ba su dame shi ba, shayinsa kawai yake sha yana leƙowa. Ƙasashe 37 suka shiga bana, 26 suka kai fainal, kuma San Marino na ciki, wanda ba ƙaramin abu ba ne don tun da suka fara zuwa a 2008 yawanci a semi ake tsige su. Manyan nan irin su Jamus da Faransa da Italiya da Sifen da Birtaniya su ko gumi ba sa yi, kai tsaye suke wucewa saboda su ke zuba kuɗi mafi yawa, ƙananan su ne sai sun sha wuya tukuna.

Wanda ya tsaya musu bana Gabry Ponte ne, DJ ɗan Turin ta Italiya, kuma waƙar tasa ma kan Italiya take. Kawu ya ajiye kofi ya ce, kai yaro, wannan ai aron baki aka yi a ci albasa, ina 'ya'yan ƙasar? Na ce Kawu ai ba yau aka fara ba, a 2019 Baturke suka tura, Serhat, shi ya kai su na 19 wanda har yau ba su wuce shi ba, a 2021 Senhit ta je har da ɗauko mawaƙi Flo Rida daga Amurka amma na 22 suka ƙare. Ya girgiza kai kawai.

Kuma gaskiya maganar Kawu ta tsaya min. Na san uzurinsu, mutum dubu 34 mawaƙa nawa za ka samu a ciki duk shekara, ga gidan talabijin ɗinsu San Marino RTV ƙarami ne, kuɗin fage da fitilu da masu rawa ba wasa ba, hatta layin wayarsu a haɗe yake da na Italiya shi ya sa aka daɗe ana fama da yadda za a ƙirga ƙuri'ar jama'arsu daban. Amma duk da haka ni Valentina Monetta ta fi min, 'yar ƙasar ce haifaffiya, sau 4 tana zuwa, ta faɗi ta sake dawowa har a 2014 ta kai su fainal karon farko a Kopenhagen. Ko na 24 ta zo, aƙalla tasu ce, kowa a gari ya san gidan su.

Wajen rabon maki nan ne na fi natsuwa. Aka kira San Marino ta ba da maki 12 ɗinta, wato makin ƙoli da kowace ƙasa ke ba waƙar da ta fi so, daidai da na Jamus mai mutum sama da miliyan 80, ba ragi ko ɗaya, wannan ya burge ni matuƙa. Amma su da aka zo ba su, shiru-shiru, lamba ta ƙi motsi, ƙarshe maki 27 suka tashi da shi, na 26 cikin 26. Ostiriya ce ta ɗauki kofin da yaron nan JJ, Italiya ta zo ta 5.

Raina bai so ba sam, don ɗakin taron ya ɗauka da tafi lokacin da aka sa waƙarsu, mutane na tsalle, na ɗauka ko ba komai za su haura na 20. Na tura wa dattijuwar saƙon jaje a WhatsApp, ta amsa nan take, ashe ita ma ba ta kwanta ba, wai baɗi ma suna nan zuwa, kuma ita fatanta a tura yaro ɗan gida ko da a semi zai tsaya. Kawu ya ce in gaya mata yana bayanta a wannan.