Godiya bayan kare kundin digirina

Alhamdulillahi. Jiya na kare kundin digirina na uku a gaban malamai, kuma Allah Ya sa an dace. Saƙonninku sun fi ƙarfin in bi kowa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na kawo godiyar nan.

Da na shiga shirin horaswar nan kan binciken cutar mantuwa, sanina bai wuce sinadaran nan biyu ba, amiloid da tau, masu taruwa a ƙwaƙwalwar mai cutar Alzheimer, wadda ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na larurar. Da aka ce dole mu zauna aji ɗaya da ma'aikatan jinya, da masu nazarin harshe, da masana ƙididdiga da na zamantakewa, har ga Allah na ɗauka ɓata lokaci ne. Ashe ni ce ban san dawan garin ba.

Ranar da na fara yi wa wata dattijuwa gwajin MMSE, wato gwajin auna tunani da ƙarfin tuna abubuwa mai maki 30 da ake amfani da shi tun 1975, na miƙa mata biro ta rubuta jimla ɗaya. Ta jujjuya shi a hannu, ta ce, "'Yar nan, ni fa ban taɓa riƙe wannan abin ba." Na rage mata maki, na koma aji da tabbacin na samo mai cutar. Abokin karatuna mai nazarin harshe ya dubi takardar ya ce, "Ƙwaƙwalwarta kika auna, ko makarantar da ba ta yi ba?" Na ji haushinsa sosai a ranar, amma daga tambayar nan kundina ya tsiro. Malam, na gode.

Farfesa mai duba aikina, wanda yakan dawo mini da babi ya yi jajur da gyara, Allah Ya ƙara girma. Malamar lafiyar al'umma kuwa ita ta zaunar da mu kan rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2024, mai nuna cewa magance abubuwa 14, ciki har da hawan jini da raunin ji, zai iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na larurar. Tun daga darasin nan na matsa wa Baba sai da aka duba kunnensa.

Babbar godiyata ta masu jinya a gida ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan larura sun haura miliyan 55, amma ban gane nauyin adadin ba sai a bakin wata baiwar Allah da mahaifiyarta ke tambayarta kowace safiya, "Ina babanku ya shiga?" Shi kuwa ya daɗe da rasuwa. Ta daina faɗa mata gaskiya, don duk ranar da ta faɗa sai makokin ya dawo sabo. Dangi na cewa gigin tsufa ne kawai, ita kuma ke kwana a zaune. Duk da haka ta ba ni lokacinta ta amsa tambayoyina.

Ku masu jinya, na yi muku alkawarin dawowa in bayyana sakamakon binciken da bakina, kuma ina nan tafe wata mai kamawa in sha Allah. Biyu daga cikin dattawan da suka shiga binciken sun rasu kafin in kammala. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu ladan jinya.