Kaca da ƙurar Jazira: tafiyata a keke daga Madani zuwa Mai Wurno

Bayan ƙaramar Sallah ta 2018 saƙo ya iso mana Wad Madani cewa jikin gwaggona ta Mai Wurno ya matsa, kuma ni take ta tambaya. Duk wanda yake Sudan a shekarar ya san wahalar man da aka sha. Motoci na kwana a layin gidan mai, tasha ta cika da mutane, kuɗin mota kuwa kullum ƙaruwa yake. Kwana biyu ina zuwa tasha ina komawa gida. A na uku na jawo keken mahaifina daga bayan ɗaki, baƙin Phoenix ɗan ƙasar Sin mai birkin ƙarfe, wanda ya yi shekaru yana kai shi gona. Mahaifiyata ta ce nisan ya yi yawa, ga zafi. Na ce mata kakanmu da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka har ya yada zango a nan, kilomita 100 da 'yan kai ba za su gagari jikansa a kan keke ba. Ta yi shiru, sannan ta shiga ta ɗaure mini dabino da gyaɗa.

Na yi wa tayar baya faci, na ɗaure birki, na sayi famfo. Da na zo kan kaca sai na tarar ta bushe ta yi ja da tsatsa, murfinta kuma ya daɗe da ɓacewa. Na tura keken wajen wani mai gyaran mota a unguwarmu, ya ɗebo baƙin man da aka juye daga inji a gwangwani, ya kwarara mata har yana ɗiga ƙasa. Da zuciya ɗaya ya yi, ni ma na ji daɗi, domin a sanina na lokacin yawan mai shi ne lafiyar kaca.

Ina idar da sallar Asuba na kama hanyar kudu. Kafin rana ta ɗaga na wuce Barakat, inda hedikwatar aikin noman Jazira take. Ƙasar shimfiɗe take kamar tabarma, babu tudu babu gangare, sai magudanan ruwa miƙaƙƙu da suka yanka gonaki tun zamanin Turawan Ingila, lokacin da aka buɗe aikin a 1925 domin auduga. Titin kwalta bai da faɗi, manyan motoci kuma ba sa rage gudu don mai keke, saboda haka na sauka na bi turbar da ke gefen magudana. Damina ba ta kankama ba. Baƙar ƙasar nan ta Jazira ta dare gida-gida, samanta kuma ya niƙe ya zama gari mai laushi wanda taya ke tayarwa ya bi ƙafa ya bi kaca.

Wajen hantsi na fara jin wani ƙurus-ƙurus a ƙarƙashina, kamar ana tauna tsakuwa a cikin tuwo. Feda ta yi nauyi. Na ɗauka gajiya ce, na tsaya a Haj Abdallah na sha shayi wajen wata mata a gindin bishiya, na ci gaba. Bayan Azahar abin ya tsananta. Kaca ta zama baƙar igiya mai kauri, ta ɓata mini ƙafar wando, sau biyu tana zamewa daga kan haƙori. Da na iso Wad al-Haddad tura keken nake yi, hannuwana baƙi ƙirin.

A bakin kasuwa, ƙarƙashin wata rumfar buhu, na hango tayoyi rataye. Tsoho ne zaune a kan benci yana gyara ƙafar keke. Ajalati ake ce wa mai wannan sana'a a nan. Na yi masa sallama da Larabci, ya amsa, ya dube ni da kyau, sai ya ce da Hausa: "Ɗan gidan wa ne kai?" Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na faɗa masa unguwarmu da inda na nufa. Ya ce iyayensa mutanen ƙasar Katsina ne, a nan aka haife shi. Ya sa aka kawo mini ruwan randa, sai da na sha sannan ya dubi keken. Ya shafa kaca da ɗan yatsa, ya murza a tsakanin yatsunsa, ya miƙo mini.

"Taɓa ka ji, ɗana."

Na taɓa. Yashi ne zalla a cikin man.

"Wannan ba mai ba ne yanzu, dutsen wasa ne. Tun safe wasa kacarka kake yi."

Ya zare makullin kaca, ɗan ƙarfen da ke riƙe bakunanta biyu a haɗe, ya jefa kacar cikin tsohon gwangwanin madara, ya zuba kananzir, ya rufe ya girgiza. Ya zubar, ya sake, har sau uku, yana bin ta da tsohon buroshin haƙori. Abin da ya kwanta a gindin gwangwanin ya ba ni tsoro: laka baƙa, da wani ƙyalli-ƙyalli a ciki. Ya ce ƙyallin nan ƙarfe ne, wani daga injin motar da man ya fito, wani kuma daga jikin kacar kanta. Man da ya gama aiki a inji ya riga ya kwashi toka da garin ƙarfe, shi ya sa ma aka juye shi. Ya wanke haƙoran gaba da na baya, ya shanya kacar a kan waya, ya ce sai ta bushe sarai, domin in da sauran kananzir a ciki zai tsinka sabon man ya koro shi waje.

Muna jiran ta bushe ya ɗauko wata matacciyar kaca ya warware mini gaɓa ɗaya a tafin hannunsa. Ban taɓa lura da yadda aka gina ta ba sai ranar. Faranti biyu a waje, biyu a ciki, ƙusa ta ratsa su, ga ɗan zobe yana juyawa a tsakiya. Ya ce duk gogayyar da ake yi a ciki take, tsakanin ƙusa da ramin da take juyawa, da ƙarƙashin zoben nan. Can ne ake bukatar mai. Wanda ya zauna a bayan faranti ba ya aikin komai sai kiran ƙura, ƙurar kuma ta bi shi ta shige ciki. Abin da mutane ke cewa kaca ta miƙe, in ji shi, ƙarfen bai miƙe ba, ƙusoshin ne suka cinye, kowace ta ba da ɗan sarari, sararin ya taru ya zama tsawo.

Ya ɗauko awon tela ya ɗora a kan tawa. Tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne a sabuwar kaca, don haka in ka fara daga tsakiyar wata ƙusa, dole inci 12 ya faɗa daidai tsakiyar wata. In ya goce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, lokacin canji ya yi. In ya kai ɗaya cikin 8, to ta riga ta ci haƙoran ma, sabuwar kaca ba za ta zauna a kansu lafiya ba. Tawa tana dab da layin farko. Ya ce za ta kai ni ta dawo da ni, amma kada in wuce wannan damina da ita.

Na tambaye shi: "To Baba, wane mai ne na gaskiya?"

Ya ce babu guda ɗaya, hanya ce ke zaɓa. Giris na cikin gatari ne da wuyan keke, ya yi kauri, ba ya ratsawa cikin zobe, a waje yake tsayawa ya tara datti. Man riɗi da man gyaɗa, waɗanda yara ke sata a madafa su zuba, kwana kaɗan suke yi su yi danƙo kamar ƙaro. Na fesawa irin WD-40 yana da kyau wajen kwance tsatsa da korar ruwa, amma bai da jiki, ba ya daɗewa. A ƙura irin tamu shi ya fi son mai marar nauyi, irin na keken ɗinki, a sa kaɗan, a riƙa sabuntawa. Ya kuma ba ni labarin yadda wasu ke narka kakin kyandir a tukunya su tsoma wankakkiyar kaca, kakin ya shiga ciki ya daskare, ƙura ta rasa abin kamawa. Daga baya na ga irin wannan dabara ce a cikin man kwalba da ake sayar wa masu tseren keke: akwai na rani, mai kaki a cikin ruwan da ke bushewa, akwai na damina mai kauri da ruwa ba ya wankewa da wuri. A ganina tsohon ya riga su sanin abin, kwalbar ce kawai bai da ita.

Yadda ya sa man shi ne ya fi tsaya mini a rai. Ya mayar da kaca, ya juya rufaffen bakin makullin ya fuskanci inda take tafiya don kada ya fita, ya ja tayar baya har kacar ta rage ɗan wasa kamar rabin inci sama da ƙasa. Sannan ya ɗauki 'yar butar mai mai dogon baki, ya fara daga makullin don ya san inda zai tsaya, yana ɗiga ɗigo ɗaya a kan kowane zobe ta gefen ciki, gefen da ke hawa haƙori. Gaɓoɓi fiye da 100, bai tsallake ko ɗaya ba, bai kuma yi gaggawa ba. Ya juya feda baya-baya na ɗan lokaci, ya bar ta muka yi sallar La'asar. Da muka dawo ya kama kacar da tsumma yana juyawa yana gogewa, ya canja gefen tsumman ya sake, har na ce: "Baba, ai ka goge man duka." Ya ce wanda zai yi aiki ya riga ya shige, tsumma ba ya kai masa. Ya sa na shafa, yatsana ya fito da ɗan maiƙo kaɗan, babu baƙi.

Ina shirin tafiya sararin sama ya canja. Wani jan bango ya taso daga ƙasa har sama, mutanen kasuwa suka hau tattara kaya. Habub ce, guguwar ƙurar da ke zuwa gaban ruwa a wannan lokaci. Muka ja keken cikin shago, ya lulluɓe shi da buhu. Duhu ya rufe kamar Magariba ta yi, yashi har cikin haƙora, bayanta kuma ruwa ya sauko. Ya hana ni tafiya. A ɗakin baƙinsa na kwana, bayan an kawo mana kisra, siririyar gurasar dawa ta Sudan, da miyar kuɓewa busasshiya, muka yi ta hirar yadda iyayensu suka yi noman auduga suna tara guzurin ƙetara Bahar Maliya.

Da safe ƙasar ta zama wani abu dabam. Baƙar lakar Jazira in ta sha ruwa kama taya take yi ta cushe tsakanin taya da madigadi har keke ya ƙi motsi. Ya ce in bi kwalta kawai, kuma tunda ruwa ya fara, man jiya ba zai jure ba. Ya ɗiga mini man giyar mota mai lamba 90, sabo, mai kauri, ya sake gogewa kamar jiya. Ya ce in ruwa ya dake ni a hanya, in na sauka in share kacar ta bushe kafin in kwanta, in ba haka ba da safe zan tarar da tsatsa. Na ciro kuɗi, ya karɓi na kananzir kawai. Ya ce in gaida mutanen Mai Wurno, in kuma nemi murfin kaca in mayar, domin waɗanda suka ƙera keken ba don ado suka sa shi ba.

Daga nan zuwa Sinnar ban ji komai a ƙarƙashina ba sai shuuu na taya a kan jiƙaƙƙen titi. Ƙafata ta san bambancin tun kafin kunnena. Na ratsa garin, tsohuwar hedikwatar sarakunan Funj da suka yi mulki daga 1504 zuwa 1821, na tsaya na kalli madatsar ruwan da aka gama a 1925, wadda ita ke shayar da duk magudanan da na bi jiya. Kogin Nilu Shuɗi ya fara ɗaukar launin ƙasa saboda ruwan da ke saukowa daga tsaunukan Habasha.

Mai Wurno ba ta da nisa daga nan, tana kudu a bakin kogin. Kowane yaro a gidanmu ya san asalinta: bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da jama'ar da ta rage, har suka zauna a wannan wuri, garin ya ɗauki sunansa. Ina shiga na fara jin Hausa da Fulatanci suna tashi daga ƙofofin gidaje, wata yarinya mai tallan ƙosai ta nuna mini layin da nake nema.

Na sami gwaggo a kan gadon igiya a inuwar darbejiya, ta rame, amma idonta garau. Ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba, tana tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Da ta ga baƙin da ya maƙale a farcena ta tambayi dalili, na ba ta labarin tsohon Wad al-Haddad tun daga farko. Ta kira jikarta ta ce ta buɗe akwatin keken ɗinkinta, wanda ta daina hawa tun da idonta ya raunana, ta ɗauko 'yar kwalbar man da ke ciki. Ta sa aka yago gefen wani tsohon zanenta aka naɗe kwalbar a ciki.

"Ga na ɗigawa, ga na gogewa," in ji ta. "Ka ajiye na komawa."

Da yamma yaran gidan suka jawo kekunansu biyu tsakar gida, kacocin duk sun yi baƙi. Na aiki babbansu ya samo kananzir da gwangwani.