Kwamfutar gem ta farko: inda zan zuba kuɗi da inda zan tsuke hannu

Tambaya biyu nake yi wa duk matashin da ya zo mini da maganar haɗa kwamfutar gem ta farko: wane wasa kake son bugawa, kuma yaya wutar unguwarku take? Ta farko kowa na amsa ta nan take. Ta biyun ce ke sa su yi turus, don bidiyoyin YouTube da suka kwana suna kallo ba sa taɓo ta. Yawancin masu yin bidiyon a Amurka ko Turai suke, inda wuta ba ta rawa, ɗaki kuma a sanyaye. Mu a Kano muna da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga wutar da za a kawo ba ƙarfi a ɗauke ba sallama. Kwamfutar da za ta daɗe a nan, da wannan lissafin ake haɗa ta.

Amsar tambayar farko kusan iri ɗaya ce kullum: ƙwallo, wato EA Sports FC da har yau muke ce wa FIFA ko da yake sunan ya canza tun 2023, ko eFootball, sai GTA V, sai Call of Duty da Fortnite. Duk waɗannan za su tafi sumul a monita mai kaifin hoto na 1080p ba tare da ka sayar da babur ɗinka ba. Ka cire 4K, wato hoton da ya fi wannan kaifi, daga ranka a wannan karon.

Katin hoto shi ke cin kaso mafi tsoka, a wurina kusan rabin kuɗin, don shi ke zana duk abin da idonka ke gani. Wanda na fi yarda da shi ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne RX 6600 na AMD, wanda ya fito a 2021, mai ma'ajiya gig 8. Abin da ya sa nake son shi har da cin wutarsa: wat 132 kacal. Tsohon RX 580 na 2017, wanda ya cika kasuwa saboda araha, yana shan wat 185 kuma bai kai shi ƙarfi ba ko kusa. Wanda ke kan sola ko inbata ya san bambancin wat hamsin ba wasa ba ne idan dare ya yi nisa batir ya fara ja baya. In kuɗi sun ɗan fi haka, RTX 3060 na Nvidia mai gig 12 abin nema ne. In sun gaza, GTX 1660 Super mai gig 6 har yanzu yana riƙe ƙwallo da GTA lafiya. Wanda ba na so ka kalla shi ne RX 6500 XT. Lambarsa ta yi kusa da 6600, amma gig 4 ne da shi, kuma wasannin yanzu sun wuce nan.

Mafi yawanmu kati na hannu za mu saya, babu kuma abin kunya a ciki, sai dai a buɗe ido. Kafin Satumban 2022, lokacin da Ethereum ta daina amfani da katunan hoto wajen haƙo kuɗin kirifto, dubban katuna sun yi shekaru suna aiki dare da rana ba hutu. Da harkar ta mutu sai aka juye su kasuwa, wasu aka wanke, aka sake musu kwali. Ba duka ne suka lalace ba, amma dole ka gwada a gaban mai shago, ko a Beirut Road ta Kano kake ko a Computer Village ta Ikeja. Ka tafi da filas ɗauke da manhajoji biyu na kyauta. GPU-Z zai faɗa maka ainihin sunan katin. Misali, RX 580 na gaske yana nuna 2304 a wajen adadin ƙwayoyin aikinsa. In ka ga 2048, to ƙarfinsa na RX 570 ne, kada ka biya kuɗin babba. FurMark kuma zai matsa wa katin lamba. Ka bar shi ya yi kamar minti ashirin kana kallon zafi, kana sauraron fanka. In allo ya fara fitar da ɗigo-ɗigo ko layuka masu launi, ko kwamfutar ta mutu, ka yi godiya ka ƙara gaba. Mai kaya mai kyau ba ya jin haushin gwaji.

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ba ya buƙatar dogon tunani. Ryzen 5 5600, mai ƙwaya shida, wat 65, sabo yana zuwa da fankarsa a kwali. Yana zama a kan soket ɗin AM4, wanda AMD ta fitar tun 2016, shi ya sa madabod ɗinsa, wato babban faifan da ake jona duk kayan a kai, suka wadata kuma suka yi sauƙi. Madabod nau'in B550 ya fi, B450 ma ya isa, amma ka tabbata an sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin, kafin ka bar shagon, in ba haka ba za ka je gida ka kunna ka ga baƙin allo. A ɓangaren Intel, i3-12100F ko i5-12400F duk sun yi. Harafin F ɗin nan na nufin ba shi da hoto a jikinsa, sai da kati, kuma haka 5600 ɗin yake.

Akwai wata hanya ga wanda kuɗinsa ba za su haɗu a lokaci ɗaya ba. Ryzen 5 5600G yana da hoto a cikinsa. Ka haɗa kwamfutar ba kati, ka yi karatu da aiki da ita, ka buga wasanni marasa nauyi a ƙaramin saiti, in Allah Ya hore ka ƙara kati daga baya. Ya ɗan gaza 5600 a gem, amma kwamfuta na aiki tun ranar farko, wannan kuwa riba ce.

Wasu na tambaya ta game da tsofaffin kwamfutocin ofis na Dell da HP da ake shigo da su, a saya a cusa musu kati. Ba na zuga kowa. Kesinsu, wato akwatin da kayan ke ciki, ƙunci gare shi, fawa-fak ɗinsu mai raba wa kayan wuta ƙarami ne, sau da yawa kuma wayoyinsa na kamfanin ne kaɗai, ba za ka iya musanya shi da na kasuwa ba. Ga shi Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar Intel da ya gaza ƙarni na takwas.

RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, gig 16, nau'in DDR4 mai gudun 3200, kuma sanda biyu masu gig 8, kada ka karɓi ɗaya mai 16, don biyun sun fi sauri tare. Ka shiga BIOS ka kunna XMP, wato saitin gudun RAM, in ba haka ba ba za ta yi gudun da ka biya ba. Ma'ajiya kuwa SSD nau'in NVMe, tera ɗaya in da hali, gig 500 in babu. Wasa ɗaya yanzu na iya cin gig ɗari, ga tsadar data, don haka wanda ya sauke wasa ba ya son gogewa.

Yanzu fawa-fak, inda na fi son a saurare ni. Shi ne abu na ƙarshe da yara ke rubutawa a jerinsu, bayan kuɗi sun ƙare, sai a ce a samo kowane iri. Wannan akwatin shi ke karɓar wutar bango ya raba wa kowane kaya. In ya lalace, ba lallai ya tafi shi kaɗai ba, yana iya jan madabod da kati. Na ga kwamfutar da aka yi wata da watanni ana tara kuɗinta ta ƙone dare ɗaya saboda fawa-fak marar suna da aka rubuta wa wat 700 a jiki, ka ɗaga shi ka ji kamar babu komai a ciki. Araha ba ta ado. Shi kaɗai ne kayan da ba na yarda a saya na hannu. Ka nemi sabo, wat 550 zuwa 650, na kamfani sananne irin Corsair, Seasonic, Cooler Master ko MSI, mai tambarin 80 Plus Bronze. Tambarin yana nuna ba ya ɓarnar wuta ne, ba shi kaɗai ke tabbatar da nagarta ba, don haka ka binciki sunan samfurin ma. Sannan ka karanta takardar da ke manne a gefensa. Wani an rubuta 200 zuwa 240V, wani 100 zuwa 240V. Na biyun nake so, don shi ke jurewa idan aka kawo wuta ba ƙarfi, abin da ya zama ruwan dare a unguwanninmu.

Bayan shi sai abin da ke tsakaninsa da bango. Sitabilaiza dole ne. UPS ma, mai batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ka sa shi a lissafi tun farko, don ɗauke wuta kwatsam na iya lalata Windows ko wasan da ka ƙona data wajen saukewa. Ka lura, VA da ake rubutawa a jikin UPS ba daidai yake da wat ba. Mai 650VA bai cika wuce wat 390 ba. Haɗin 5600 da RX 6600 na cin wajen wat 250 a tsakiyar wasa, ga monita, don haka mai 1000VA ko sama ya fi ba ka natsuwa. In inbata gare ka, ka tabbata irin mai fitar da wuta mai tsafta ce, wadda masu sola ke kira fiyo-sain, don wasu fawa-fak na zamani ba sa jituwa da ɗaya nau'in.

Kes kuwa, fuskarsa ta zama raga yadda iska za ta shiga, da matatar ƙura da ake iya cirewa a wanke. Mai fuskar gilas ya fi kyan gani a hoto, amma yana shaƙe kaya, ga zafinmu. Fitilu masu launi ba sa ƙara gudu ko kaɗan. Kuɗinsu ka sayi ƙarin fanka biyu. Kada ka ajiye kwamfutar a kan kafet ko ƙasa, ka ɗora ta a tebur, kuma da hunturu ka buɗe ta ka bi ta da bulowa a kai a kai, kana riƙe fankokin da yatsa don kada iskar ta juya su fiye da kima.

Monita na iya jira. Talabijin ɗin gida mai HDMI zai yi aiki, ka dai kunna masa saitin gem don rage jinkiri.

Ban kawo farashi ba da gangan, don yana bin dala, abin da na rubuta yau gobe ya tsufa. Kes da SSD da fawa-fak kana iya tara su ɗaya bayan ɗaya. Amma furosesa da madabod da RAM da kati, ka saye su lokaci ɗaya, a haɗa a kunna a gabanka, kuma mai shago ya rubuta a rasit kwana nawa ya ba ka ka dawo da kaya in matsala ta fito, tare da lambar siriyal ta katin.