Kwana biyu a Yankari

Ban ga zaki ba. Gara in faɗa tun da wuri, don ita ce tambayar da kowa ke yi mini tun da na dawo.

A watan Maris muka je. Mun bar Bauchi bayan asuba, muka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima muka karkata zuwa Mainamaji inda ƙofar gandun dajin Yankari take. Na ɗauka da an shiga ƙofa an iso, ashe akwai sauran tafiyar wajen kilomita 40 kafin sansanin Wikki. Dajin ai ba ƙarami ba ne, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244.

Darasin farko gwaggon biri ne ya koya mini. Na ajiye ledar kilishi a bisa mota don in amsa waya, kafin in waiga ya sure ta, ya koma gindin bishiya yana kwance ƙullin da yatsu kamar mutum. Wani ma'aikaci ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, haƙuri za ka yi, nan su ne masu gari."

Da la'asar aka ɗauke mu a buɗaɗɗiyar mota zuwa bakin kogin Gaji. Jagoranmu ya ce mun zo a kan kari: da rani ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dole dabbobi su gangaro kogi, wanda ya zo da damina kuwa, ganye zai sha kallo. Mun ga gwambaza da mazo, da gadu yana gudu wutsiya a miƙe, da garken ɓauna da suka tsaya suna hararmu. Can ya sa direba ya kashe mota, ya sauka ya kara tafin hannu a kan wani tulin kashin giwa. "Da ɗuminsa," in ji shi cikin raɗa. Muka yi tsit kusan minti ashirin, ƙudaje na cizo, kafin muka ji reshe ya karye. Giwaye uku kawai muka hango ta baya suna kutsawa cikin kurmi. Ya ishe ni.

Abin da ya fi tsaya mini a rai dai ba dabba ba ne. Ni a tunanina tun fil azal dajin nan na namun daji ne, sai na ji a 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Gwamnatin tarayya ta karɓa a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Kafin duk wannan, mutane ne a ciki. Washegari aka kai mu kogunan Marshall, ɗakuna 59 da aka fafe a jikin dutse, ƙofar kowanne sai ka durƙusa. Na leƙa ɗaya, sanyi ya bugi fuskata, na tsaya ina tunanin wane irin tsoro ne zai sa mutum ya fafe dutse ya kwana a ciki. Akwai kuma rijiyoyin Dukkey da kufan maƙera a Ampara, inda aka narka tama.

Daga nan muka faɗa ruwan Wikki, mai ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse da ɗumin digiri 31, rani da damina. Garau yake, kana tsaye kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Wannan karon sai da na kulle jakata a mota, na kuma ja murfin sau biyu.