Masu rawa a ɗakin binciken fiziks

Jiya da daddare an ɗauke wuta, ina kwance da waya a hannu ina ta kalle-kalle har na faɗa kan wani abu da ya hana ni barci. Kun san CERN ai, babbar cibiyar binciken fiziks ɗin nan da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa kusa da Janiba, inda suka haƙa rami mai zagayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa suna gwara ƙwayoyin zarra da juna. To ashe tun 2011 suna da wani shiri mai suna Collide, wata mata Ariane Koek ce ta kafa shi, ana gayyato mai zane ko mai rawa ko mai haɗa sauti ya zo ya zauna tare da su, a shekarun farko wata biyu ko uku ake yi.

Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne ba wai an kira mutum ya zana musu fosta ba ne ko ya ƙawata musu bango. A'a. Haɗa shi ake da masanin kimiyya guda ɗaya, su ci abinci a kanti ɗaya, su yi ta musu, ya yi duk tambayar da ta zo masa ko da wadda ɗalibin fiziks zai ji kunyar yi ce. Wanda ya fara zuwa wani Bajamushe ne Julius von Bismarck a 2012, aka haɗa shi da masanin fiziks James Wells, kuma shekarar ce fa aka sanar da gano ƙwayar Higgs, wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya da masana fiziks suka daɗe suna nema, ka ga kenan ya iske gidan ana cikin zumuɗi. A shekarar kuma Gilles Jobin, mai tsara rawa ɗan Suwizalan, shi ma ya zo, har ya shigar da 'yan rawa cikin laburaren cibiyar mutane na tsaka da karatu, daga baya a 2013 ya fito da wata rawa mai suna Quantum inda fitilun von Bismarck ke lilo a saman 'yan rawar. Wato su ma baƙin biyu sai da zaman ya haɗa su aiki.

Wallahi sai na tuna ranar da muka shiga SS1 aka raba mu, masu ƙoƙari sayans, saura kuma at, kamar an ce wanda ya iya zane ba shi da kai. Ni sayans na tafi kuma tun ranar na ajiye fensirin zanena, shekara goma sha ke nan ban koma kansa ba. Ƙanwata yanzu ita ce a wannan gaɓar, hannunta na zana fure kamar za ka tsinka kuma kemistiri ta fi so duk cikin darussa, ana ta ce mata ta zaɓi ɗaya. Da asuba na tura mata hotunan rawar nan, na ce in na zo gida ranar Juma'a za mu zauna da Baba a kan maganar.