Da Jirgina a Cikin Kwali Zuwa Muncie

A wurin binciken kaya ma'aikaciyar ta zuge jakata ta hannu, ta zaro batura huɗu ɗaya bayan ɗaya, kowanne na naɗe bakin wayarsa da salatif. Ta jera su a faranti tana juyawa tana karanta rubutun jikinsu. Ban damu ba, don na yi lissafina tun kafin in fito: kowane batir ƙarfinsa wat-awa 24 ne da 'yan ɗoriya, iyakar da aka yarda fasinja ya shiga da shi ba tare da neman izini ba kuwa 100 ce, kuma doka ta ce batirin litiyam da ba ya cikin na'ura a hannu ake riƙe shi, ba a jefa shi cikin kayan da za su shiga cikin jirgi ta ƙasa. Sai ta tambaye ni na mene ne. Na buɗe baki na ce na jirgin sama ne. Kallon da ta yi mini ya sa na gane cewa a filin jirgi wannan amsa tana bukatar ƙarin bayani. Na nuna mata hoto a waya, ta yi dariya, ta tura mini kayana.

Jirgin kansa, ɗan ƙarami da ake tuƙawa da rimot, yana cikin wani dogon kwali, gangar jiki daban, fiffike biyu daban, na cusa tsofaffin riguna a tsakani. Shi ne na huɗu da na gina. Ukun farko duk mutuwa iri ɗaya suka yi: in cilla, jirgi ya ɗaga hanci sama kamar mai girman kai, ya tsaya cak a iska, ya juyo da ka, sai tsintar gutsattsari. Wanda ya fi daɗewa a sama daƙiƙa 11 ya yi. Na riƙa lallashin kaina da cewa Alphonse Pénaud ma, Bafaranshen da ya tayar da ɗan jirginsa mai aiki da murɗaɗɗiyar roba a birnin Faris a 1871, daƙiƙa 11 nasa ya yi, kuma har yau ana ambatonsa. Da na faɗa wa Yayana haka ta waya sai ya ce, "To ai shi na farko ne, kai kuma na nawa?" Shi ne dai ya ce in na zo ziyara Indiyanafolis a Amurka in taho da tarkacen nawa, akwai inda zai kai ni.

Daga Indiyanafolis zuwa Muncie tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna, yawancinta a kan babbar hanyar I-69 zuwa arewa maso gabas. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kamar an goge ta, gonakin masara da waken soya hagu da dama, babu tudu babu kwari. Yaya ya ce hanyar tana sa shi gyangyaɗi. Ni kuwa duk inda na duba filin sauka nake gani.

A gefen garin Muncie ƙungiyar masu ƙananan jiragen sama ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da AMA, take da hedikwata. An kafa ta a 1936. Filinta ya haura eka 1,000, an ware wa kowane nau'in jirgi wurinsa, kuma a nan ake yin gasar ƙasa duk bazara. Mun je ba a lokacin gasa ba, don haka wurin tsit yake, sai masu yankan ciyawa da wani jirgi guda can nesa yana zagaye. Gidan tarihin muka nufa.

Jirage ne rataye a sama ko'ina, har wuya ya gaji. Akwai na sakin-wawa da ake cillawa a bar su da iska, akwai waɗanda ake juyawa da igiyar waya mutum yana tsaye a tsakiya yana zagaye da su, akwai na rediyo na farko-farko da akwatin sarrafa su ya kai girman akwatin kaya. An kuma gina kwaikwayon shagon kayan wannan harka na shekarun 1950, da kwalayensa da silin katakon balsa. Wanda bai taɓa riƙe balsa ba zai sha mamaki: katako ne, amma in ka ɗaga sai ka ji kamar ba ka ɗauki komai ba, farce ma yana lotsa shi. Mafi yawansa daga Ekwado ake fito da shi.

Inda na daɗe a tsaye shi ne gaban TAM-5. Ba wani kyau ne da shi ba, in ka wuce shi a rumfar wani ba za ka waiwaya ba. Amma wannan ɗan jirgi, da bai wuce kilo 5 ba har da mansa, ya tashi daga Cape Spear a gaɓar Kanada ranar 9 ga Agusta 2003, ya ƙetare Tekun Atilantika, ya sauka a yammacin Ayaland ranar 11 ga wata. Fiye da kilomita 3,000 cikin kusan awa 39, a kan man da bai kai galan ɗaya ba, kuma abin da ya saura a tankin bai cika ƙaramin kofi ba. Da hannu aka tayar da shi, na'urar tuƙi mai bin tauraron ɗan'adam ta riƙe shi a kan teku, wani kuma ya karɓe shi da rimot a ɗaya gaɓar ya sauke shi. Maynard Hill, wanda ya ƙera shi, yana da shekara 77 a lokacin, idonsa ya yi rauni sosai, kunnensa ma haka. Abin da ya fi kama ni shi ne lambar 5 ɗin nan. Huɗu sun riga shi, kuma duk teku ta cinye su. Na nuna wa Yaya, na ce, "Yaya, ka ga wanda ya zubar da huɗu." Ya ce, "Shi dai a teku ya zubar, kai kuwa a gaban ƙafarka."

TAM-5 da mai ya yi tafiyarsa, kuma har yanzu babu batirin da zai yi wannan aiki a wannan nauyi. Amma a ganina, ga mai koyo, lantarki ya gama magana. Injin mai yana bukatar kunnawa da daidaita shan mai, yana fesa wa fiffike maiƙo, ƙararsa kuma ta sa maƙwabta sun kori kulob da yawa daga filayensu. Na lantarki kuwa ka jona batir kawai. A da ba haka abin yake ba. An tayar da jirgin rediyo mai lantarki a Ingila tun 1957, sai dai shekaru da dama batiran suna da nauyi, jirgi ya yi ta nishi kafin ya ɗaga. Sai a farkon shekarun 2000, da batirin litiyam da 'yan harkar ke kira LiPo ya haɗu da injin da ba shi da burushi a ciki, sannan ɗan jirgin soso ya samu ƙarfin da zai haura sama tsaye.

Washegari da sassafe muka tafi wani ƙaramin kulob da abokin aikin Yaya yake ciki. Mun bar kwalta, mun bi wata hanyar tsakuwa tsakanin gonaki har muka iso ƙofar ƙarfe. Filin ciyawa ne da aka aske ƙasa-ƙasa, rumfa ɗaya, teburan aiki, gajeren shinge tsakanin matuƙa da titin tashi, sai wata doguwar jakar ƙyalle a kan sanda tana nuna inda iska ta dosa. Na riga na yi gwajin TRUST ta intanet, wato jarrabawar ƙa'idojin kiyaye haɗari ga masu tashin ƙananan jirage don nishaɗi, na kuma yi rajista da hukumar FAA mai kula da sufurin sama a Amurka, tunda jirgina ya haura giram 250. An tuna mini sauran: kada in wuce ƙafa 400 a sama, kada jirgi ya ɓace wa idona, kada ya bi ta kan mutane ko motoci. Duk wanda zai tashi, ko zai sauka, ko zai taka titi ya ɗauko jirginsa, sai ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Wanda injinsa ya mutu a sama kuwa, shi ake ba hanya kafin kowa.

A jikin rumfar akwai wani tsohon allo mai lambobi da matsen shanya a jere, rana ta koɗe su. Na tambaya. Aka ce na zamanin rimot masu aiki a kan zangon rediyo na megahaz 72 ne, lokacin da rimot biyu a kan tasha ɗaya ke iya kayar da jirgin juna, don haka ba ka kunna naka sai matsen tasharka yana hannunka. Tun da rediyon gigahaz 2.4 ya shigo wajen 2006, kowane rimot ya san jirginsa, allon ya zama ado. Ba su cire shi ba dai.

Ina cikin ɗaura fiffike da roba wani dattijo ya matso, hularsa ta sha rana, yatsunsa duk busasshen gam. Ya nemi izini ya ɗaga jirgin. Ya duba gam ɗin jela, ya girgiza 'yan marafan bayan fiffike ya ji ko suna lilo, ya ce aikin ya yi tsafta. Kaina ya fara kumbura. Sai ya ce in saka batir yadda na saba. Na saka. Ya sa ɗan yatsa ɗaya ƙarƙashin kowane fiffike, kusa da gangar jiki, wajen kashi ɗaya cikin uku daga bakin gaba, ya ɗaga. Jela ta faɗi ƙasa, hanci ya kalli sama, daidai yadda ukun nan suka yi kafin su hallaka.

Bai ce komai ba tukuna. Ya zare batirin, ya tura shi gaba kamar faɗin yatsu biyu, ya sake ɗagawa. Jirgin ya kwanta lamo, hancin ya ɗan sunkuya kaɗan. Sannan ya gaya mini maganar da suke yi a tsakaninsu, wai mai nauyin hanci da ƙyar yake tashi, mai nauyin jela kuwa sau ɗaya yake tashi. Ya ciro alƙalami ya ɗiga baƙi biyu a inda yatsunsa suka tsaya. Na karanta wannan magana ta tsakiyar nauyi ba sau ɗaya ba. Ni dai ina auna nawa ne babu batir a ciki, sannan in cusa batirin inda ya samu wuri. Wata biyar, jirgi uku, a kan faɗin yatsu biyu. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Yaya na gefe ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Dattijon ya haɗa rimot ɗina da nasa. Tsarin shi ne jirgin yana jin nasa, amma muddin ya danne wani maɓalli da yatsa, tuƙi yana hannuna. Da ya saki, ya koma wurinsa. Ya gwada kowace sanda yana tsaye a bayan jirgin, ya tabbatar dama dama ce, hagu hagu ce. Ya yi kira cewa zai tashi, ya fuskanci iska, ya tura wuta. Jirgina, wanda na yanka da reza a kan tebur, ya gudu 'yan taku a ciyawa ya ɗaga sumul, ya haura kamar dama can aikinsa ke nan. Da ya kai sama sosai, inda ko na yi kuskure sau biyu akwai sauran wuri, ya ce, "Naka ne."

Muddin jirgin yana tafiya yana ba ni baya, komai lafiya. Da na juyo shi ya fuskance ni sai duniya ta birkice. Ya karkata, na ja sanda don in gyara, ya ƙara karkata, na ƙara ja, hanci ya nufi masara. "Nawa ne," in ji dattijon, muryarsa ko ɗagawa ba ta yi ba. Jirgin ya miƙe. Ya ce in jirgi yana zuwa wurina, damarsa haguna ce, kada in tsaya lissafi, in tura sanda ɓangaren fiffiken da ya yi ƙasa kamar zan tokare shi. Ya kuma ce hannuna ya yi nauyi, in riƙa taɓa sandar kamar mai gudun kada ta farka. Sau shida ya karɓe a batir na farko. A na biyu sau uku. A na uku sau ɗaya, shi ma don na bar jirgin ya shiga idon rana.

Agogon rimot minti shida muka sa wa kowane tashi. LiPo ba a shanye shi ƙarƙaf: kowane ɗaki a cikinsa, wato kowane ɗaya daga ƙananan batiran da aka haɗa suka zama shi, bolt 4.2 ne in ya cika, in ya gangara ƙasa da 3 ya lalace, wani ma ya kumbura. Wanda ya kumbura ko ya huje kuwa yana iya kamawa da wuta, shi ya sa a teburin caji kowa batirinsa na cikin jakar da wuta ba ta ci, kuma babu mai jona caji ya tafi yawo.

A batir na huɗu ya ce in sauke da kaina. Na yi kira, muryata na rawa. Na zagayo, na rage wuta, na daidaita da titi ina fuskantar iska. Jirgin yana gangarowa da kyau har ya kusa gwiwa daga ƙasa, sai tsoro ya sa na ja hanci sama da wuri. Gudu ya ƙare masa, ya faɗo a kan hanci, ya wuntsila. Farfela ta karye, hancin soso ya tsage. Kafin in dawo da shi rumfa wani ya riga ya jona bindigar gam, wata mata ta buɗe akwatinta tana neman farfela daidai girman tawa, wani yaro da bai fi shekara goma sha biyu ba yana bayyana mini inda na yi kuskure, kuma gaskiyarsa. Cikin minti goma hancin ya koma. Dattijon ya sake ɗora jirgin a kan yatsunsa, don gam ma nauyi ne. Na ce masa, "Baba, da ka saki maɓallin ai da ka cece shi." Yaya ya fassara masa kiran da na yi masa, ya ji daɗi. Ya ce ya ga faɗuwar ba ta kisa ba ce, shi ya sa ya bar ni da ita.

Batirana sun ƙare, sai yaron nan ya ara mini nasa. Saukar ta biyu ma ba ta burge kowa ba: jirgin ya yi tsalle sau biyu kamar kwaɗo, ya tsaya can ƙarshen titi da ƙafafunsa a ƙasa. Aka tafa mini duk da haka.

A hanyar komawa Yaya ya yi shiru har muka hau kwalta, sannan ya tambaya, kamar ba da gangan ba, ko kwana nawa ake yi kafin a gama gina irin wannan. Da dare na jona batiran na mayar da kowane ɗaki bolt 3.8, yadda ake ajiye su, na sake naɗe bakunansu da salatif. Da na zo saka fiffike cikin kwali na ga ɗigon alƙalamin nan ɗaya ya fara gogewa saboda raɓar ciyawa. Na nemo alƙalami na maimaita shi, na liƙa salatif a kai, sannan na rufe kwalin.