Abin da makin 'yan wasan ches ya koya mini

A karatun ƙididdiga da na yi, darasin da ya fi zauna mini shi ne na yadda ake auna ƙarfin 'yan wasan darar ches. Tsarin Arpad Elo, malamin fiziks a Jami'ar Marquette ta Amurka, wanda hukumar ches ta ƙasar ta fara aiki da shi a 1960, hukumar ches ta duniya FIDE kuma ta karɓa a 1970, ba shi da wuyar ganewa. Wanda ya ɗara abokin karawarsa da maki 200 ana sa ran ya kwashe kusan kashi 76 cikin ɗari na sakamakon wasanninsu, in ya zarce haka a ƙara masa, in ya gaza a rage masa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, lamba ɗaya ba ta nuna ko za a iya dogara da ita. A ɗauki mutum biyu masu maki 1700, ɗaya yana buga gasa kowane mako, ɗayan kuma ya shekara biyar bai taɓa allo ba. A wurin Elo duk ɗaya suke, alhali kowa ya san makin na biyun ya tsufa. Wannan giɓi ne masanin ƙididdiga Mark Glickman ya cike a 1995 da tsarin Glicko, inda ya ƙara lamba ta biyu mai nuna girman shakka, wadda ke raguwa idan mutum yana wasa, ta kuma ƙaru idan ya daɗe a zaune. Shi ya sa a Lichess, shafin buga ches a intanet mai amfani da sabon salon tsarin, wato Glicko-2, sabon shiga yake ganin alamar tambaya a gefen makinsa, kuma wasa ɗaya kan ɗaga shi ko ya sauke shi da yawa.

Yara su ne suka fi ba tsarin wahala, domin ƙwarewarsu tana gaba, makinsu na biye a baya, sai su riƙa cinye manya suna zaftare musu maki. Lamarin ya tsananta bayan korona, har a watan Maris na 2024 FIDE ta bi shawarar masanin ƙididdigar ches Jeff Sonas ta ɗaga makin duk wanda ke ƙasa da 2000: mai 1500 ya koma 1700, mafi ƙarancin maki kuma ya tashi daga 1000 zuwa 1400. A ganina gyaran ya rage zafi ne kawai, tun da har yanzu FIDE ba ta buga lambar shakka kusa da makin kowa, ga kuma yaran na ta ƙara shigowa gasa.